Yadda Ake Ɗaukar Hoton Dawakan Daji a Tsibirin Bakin Teku

Ka isa wurin tun kafin rana ta fito. Lokacin ne ƙananan dawakan nan ke kiwo a fadamar ruwan gishiri, hasken kuma bai yi kaifi ba. Da rana ta take, yashi zai yi ta ƙyalli, fuskar doki ta fito baƙi ƙirin.

Kada ka matsa musu. A tsibirin Assateague na Amurka, doka ta ce a bar tazarar ƙafa 40, wajen mita 12, domin suna cizo, suna harbi. Gilashin kyamara mai jawo nesa, 300mm zuwa 400mm, shi zai cike maka tazarar. In suna sukuwa, sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafun za su dusashe. Durƙusa har kyamara ta yi daidai da idon dokin, ka saita a kan idon. Farin yashi kan ruɗi ma'aunin hasken kyamara ya duhunta hoto, don haka ƙara haske da mataki ɗaya.

Kada ka canja gilashi a bakin ruwa, iska za ta cusa yashi da gishiri ciki. In doki ya kwantar da kunnuwa baya, ransa ya ɓaci ne, ja da baya a hankali.