Yadda ake bin sawun ayarin tankokin Peiper a kan taswira

Mai son ya fahimci abin da ya karya harin Jamus a dajin Ardennes cikin Disambar 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba hoton tanka zai fara nema ba, taswira zai buɗe. Waya mai intanet ta isa, sai takarda da biro.

Da farko buɗe Google Maps, ka nemi gabashin Beljiyam inda ta haɗa iyaka da Jamus, ka kunna yanayin da ke nuna tudu da kwari. Wannan wajibi ne, domin a shimfiɗaɗɗiyar taswira komai zai yi maka kamar fili, alhali ƙasar duk tsaunuka ce da daji da ƙananan koguna. Sa alama a Losheim, bakin iyaka. Sa wata a garin Huy, a gaɓar kogin Meuse. Umarnin da aka ba Joachim Peiper, jagoran ayarin tankokin, jami'i mai shekara 29 a SS (rundunar jam'iyyar Nazi ta Hitler), shi ne ya kai can ya kama gadoji, daga nan a nufi tashar jiragen ruwa ta Antwerp.

Na biyu, rubuta abin da ke cikin ayarin kafin ka motsa. Sojoji kimanin 4,800, da tankokin Panther da Panzer IV, sai bataliya ta 501 mai manyan tankokin Tiger II. Tsaya a kan tankar Tiger II ɗin nan. Nauyinta ya kusa tan 70, amma injinta iri ɗaya ne da na Panther mai tan 45. Saboda haka ga nawa, ga shan fetur, ga yawan lalacewa. Peiper da kansa a bayan ayari ya ajiye su don kada su tare wa sauran hanya. Rubuta "tan 70" da manyan baƙaƙe a takardarka, za ka riƙa dawowa gare shi.

Na uku, bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, kana sa kwanan wata. An fara harin ranar 16 ga Disamba, amma a Lanzerath wani ƙaramin rukuni na Amurkawa ya tsare sojojin laima na Jamus wuni guda, aka yi asarar ranar farko. Ranar 17 ayarin ya ratsa Honsfeld, ya shiga Büllingen ya kwashi fetur ɗin Amurkawa. Da rana ya iso mararrabar Baugnez kusa da Malmedy. Kada ka wuce wurin nan da sauri. A nan mutanen Peiper suka harbe fursunonin yaƙi 84 da suka riga suka miƙa wuya, kuma a Stavelot da kewayenta sun kashe fararen hula fiye da ɗari, har da mata da yara. Wanda sulken tanka ya burge shi ya manta da wannan, bai karanta tarihin ba.

Na huɗu shi ne zuciyar aikin: zagaye kowace gada da jan biro. Kogin Amblève yana tafe cikin kwari mai zurfi, titin kuma na biye da shi. Ranar 18 Peiper ya haye gadar Stavelot, ya nufi Trois-Ponts, inda hanya mai kyau zuwa yamma take. Injiniyoyin sojan Amurka suka tarwatsa gadojin yana dab da isa. Dubi taswirar ka tambayi kanka, ina kuma zai bi? Dole ya karkata arewa zuwa La Gleize. Ya sami gada a tsaye a Cheneux, ya haye, jiragen sama suka far masa a can, sannan da ya kusa Habiemont aka fasa gadar rafin Lienne a gaban idonsa. Ƙananan gadojin da suka rage ba za su ɗauki tanka ba. Ka ga amfanin "tan 70" ɗin nan.

Na biyar, juya ka dubi bayansa. Amurkawa sun sake ƙwace Stavelot, suka rusa gadarta, wato hanyar da motocin fetur da harsasai za su biyo ta yanke. Ranar 19 Peiper ya kama Stoumont, amma tankunan mai sun kusa bushewa. Aka yi masa ƙawanya a La Gleize. Da asubahin 24 ga Disamba, mutum kusan 800 suka sulale a ƙafa ta cikin daji, suka bar tankoki da motoci a wurin.

Daga nan sai ka matso da taswirar La Gleize sosai, ka nemi gidan tarihin December 44. A ƙofarsa akwai Tiger II mai lamba 213, ɗaya daga cikin waɗanda aka bari. Duba faɗinta a hotunan da mutane suka ɗora, ka kwatanta da faɗin titin ƙauyen. Sannan ka danna abin auna nisa, ka ja layi daga Stoumont zuwa Huy, ka rubuta kilomitar da suka rage masa.