Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen tiyatar faifan baya mai ƙaramin yanka

Da yawa hoton MRI ne ke tura su tiyata. Alhali ko mai lafiya lau aka ɗauka, ana iya ganin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansa ya kumburo. Abin da tiyatar ke warkarwa shi ne ciwon da ke sauka ƙafa saboda faifai ya danne jijiya, galibi a L4-L5 ko L5-S1, wato faifai biyu na can ƙasan baya. Ciwon baya zalla kuwa, ba ta da tabbas a kansa. A fara da magani da gashi na mako 6 zuwa 12, don yawanci yakan lafa. Amma in fitsari ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa na ƙara rauni, a garzaya asibiti ranar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna aiki da girman yanka. Hanyoyi uku aka fi bi. Aikin madubin likita, mai ƙara girman abin da ake gani, yankansa kamar santimita 3 ne, a cire ɗan ƙashi, a kauce wa jijiya, a zaro guntun faifan. Aikin bututu ana ratsa tsoka da bututu mai faɗin milimita 16 zuwa 18. Endoskop, wato siririn bututu mai kyamara, yankansa kusan milimita 8, wani lokaci ma ba a sa majinyaci barci. Gwajin da aka buga daga Holan a 2009 bai ga bututu ya fi aikin madubi ba, na 2022 kuma ya nuna endoskop ta gefe bai gaza shi ba wajen rage ciwon ƙafa. Ƙaramin yanka yana rage zubar jini da kwanan asibiti, amma ba shi ke sakin jijiya ba.

Inda guntun ya faɗa shi ke zaɓar hanya. Wanda ya fita gefe, ta ramin da jijiya ke bi, endoskop ta gefe ya fi kai masa. A L5-S1 kuwa, ƙashin ƙugu kan tare wannan hanya, sai a shiga ta baya. Guntun da ya yi nisa sama ko ƙasa, ko mai haɗe da tsukewar ramin kashin baya, ƙaramar kafa na iya barin saura, ciwo ya zauna daram. Endoskop kuma ba a ƙware shi dare ɗaya. Tambayi likita sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, kuma me zai yi in hanyar ta ƙi. Hoto ma in ya haura wata 6, a sake, don guntun kan narke ko ya matsa.

Akwai kuma lesa, wato aiki da haske mai ƙuna, wadda sunanta ya fi aikinta. Tana ƙona cikin faifai ne don rage matsi, ba ta ɗauko guntun da ya riga ya ɓalle. A gwajin Holan na 2015, waɗanda aka sake wa tiyata bayan lesa sun ninka na aikin madubi.

Bayan aiki, wasu kan kwanta kamar an ɗaure su, wasu su koma ɗaukar buhu a mako na biyu. A fara tafiya ranar ko washegari, a jinkirta kaya mai nauyi har likita ya yarda, a bar sigari. Faifan kan sake zamewa ga kashi 5 zuwa 15 cikin 100, kowace hanya aka bi. Ciwon kai mai tsananta in an miƙe tsaye, ko ruwa garai-garai daga ɗinki, alama ce tantanin jijiya ya yage; a koma wurin likitan nan take.