Yadda ake karɓar yaran gudun hijira su yi hutu a gidanka a Marwa

A ƙasar Sifen akwai iyalan da ke karɓar yaran Sahrawi, 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara, daga sansanonin Tinduf na Aljeriya duk lokacin zafi, su yi kamar wata biyu su koma. Haka mutanen Ailan da Italiya suka daɗe suna yi wa yaran Belarus bayan haɗarin tashar nukiliya ta Canobil a 1986. Mu nan ba sai da jirgi ba. Sansanin Minawawo, kusa da Mokolo a arewacin Kamaru, tun 2013 yake ɗauke da 'yan Najeriya da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno, kuma da yawa cikin yaran a can aka haife su. Lokacin da ya dace shi ne dogon hutu, daga Yuni zuwa farkon Satumba.

Fara da takardu. Kada ka yi ciniki da wani kawun yaro a kasuwar Mokolo ka ɗora shi a babur. Bi ta ƙungiyar agajin da ke aiki a sansanin, da sanin ofishin HCR (hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira) na Marwa da jami'an ma'aikatar jin daɗin jama'a. Ka riƙe yardar iyaye ko marikin yaro a rubuce, da izinin fita daga hukumar sansani, da kwafin takardar shaidar gudun hijira ta iyalin, da katin rigakafi. Jandarmomi a shingen hanya za su tambaya, kuma babba da yaron da ba nasa ba, ba takarda, zargin safarar yara ne ke jiransa. In hukuma ta ce a'a, magana ta ƙare. Ranar da suka iso, ka kai su gaban jauron unguwa ya gan su.

Ɗauki biyu, kada ɗaya. 'Yan'uwa, ko abokai jinsi ɗaya, masu shekara 8 zuwa 12, na sati uku. Tambayi yaren da suke ji tun kafin su zo: wasu Barebari ne, wasu daga duwatsun Gwoza, kuma Fulatancin da yaran unguwa ke yi a titi ba kowa ke jinsa ba.

Satin farko ne yake kayar da mutane, kuma da abinci ake farawa. Uwargida ta ga ɗan yaro a rame, tausayi ya kama ta, sai nama, madara, soyayyen kifi, lemon kwalba, duk rana guda. Cikin da ya saba da tuwo da miya mara mai ba ya ɗaukar wannan. Kwana biyu sai gudawa. A kwana biyun farko a tsaya kan abin da ya sani: kunu da safe, tuwon dawa da miyar kuka ko yakuwa, ƙosai kaɗan. Ƙwai ɗaya a rana ta uku, nama ƙanana daga rana ta huɗu, madara a ƙarshe, rabin kofi. In gudawar ta zo duk da haka, a jiƙa ƙunshi ɗaya na gishirin gudawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinc mai miligiram 20 kullum har kwana 10. Jini a kashi, ko yaro ya kasa sha, asibiti nan take.

Za ka tarar da gutsuren burodi ko tuwo a ƙarƙashin tabarma. Ba sata ba ce, yaron da ya san ƙarewar rabo ne yake ajiya. A ba shi ɗan kwano mai murfi a ce nasa ne. Da kansa zai daina. Haka fitsarin kwance: a shimfiɗa leda ƙarƙashin zane, a rage sha bayan isha'i, a tashe shi sau ɗaya cikin dare, a wanke da asuba ba tare da sauran yara sun sani ba. Wanda ya yi masa waƙar amalala ya ɓata hutun gaba ɗaya.

Kuma a bar tambayar "ina babanka, ya aka yi kuka gudu?" Maƙwabta su ne gwanayen wannan, a taka musu birki. In shi ya fara labari, a saurara, kada a tono. In fashewar salansar babur ta sa ya ruga ɗaki, a zauna kusa da shi har ya nutsu. Ba ɗaukar hoto a watsa a Facebook ko WhatsApp.

Damina ce, saboda haka gidan sauro dole ne kowane dare. Wanda aka raba kyauta ya isa in bai yage ba. Zazzaɓi ya zo, a yi gwajin jini a cibiyar lafiya a ranar, kada a sayi magani a tebur. A hana su wasa a kogin Mayo Kaliyawo: yashi ne yanzu, ruwa ya sauka a duwatsu sai ya cika farat ɗaya.

Aikin gida daidai da na 'ya'yanka. Ranar da yarinya ta koma mai talla ko mai wanke-wanken gida, ba hutu kake ba ta ba.

Wajen komawa, a gaya musu ranar tun farko, a bar su su kira iyayensu sau biyu a sati. Tsaraba ta zama takalmi, littattafan rubutu, sabulu da ɗan abin da 'yan'uwansu za su samu. Ban da waya, tana jawo faɗa da sata. Kada ka yi alkawarin makaranta ko hutun baɗi sai ka tabbata. Ka miƙa su hannu da hannu ga wanda ya sa hannu a takarda, tare da bayanin duk maganin da suka sha.