Daga Katsina zuwa gasar duniya: hanyar yarinya mai buga badminton ita kaɗai

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da 'yan mata badminton a wata makaranta a nan cikin Katsina, kuma duk wadda hannunta ya fara faɗawa sai ta tambaye ni: "Malama, ya ake a kai waje?" To ga amsar, ɗiyata.

Ki fara daga gida. Kafin ki sayi raket ki samu yardar Baba da Inna, don wasan nan tafiye-tafiye ne. In maganar sutura ce ta tsaya musu a rai, ki nuna musu Soraya Aghaei 'yar Iran, wadda ta buga gasar Olamfik ta Tokyo da ɗankwalinta da dogon wando. Na ga uba ya sauko saboda hoton nan kaɗai.

Sai ɗaki mai rufi. Ƙwallon badminton da gashin tsuntsu guda 16 ake yin sa, nauyinsa bai wuce giram biyar da ɗan ɗoriya ba, iskar hunturu kuwa ba ta san wasa ba. Wadda ta saba a tsakar gida, ranar da ta shiga zauren gasa sai ta ga kamar yau ta fara. Ƙwallon roba ya fi araha, ki yi atisaye da shi, amma ki riƙa tara kuɗin na gashi, don da shi ake gasa kuma saukarsa daban ce.

Abin da na fi nanatawa shi ne ƙafa. 'Yan mata suna son koyon dukan ƙarfi, ni kuwa sai in ajiye musu raket in sa su zagaye kusurwoyi. Filin mutum ɗaya tsawonsa mita 13.4, faɗinsa 5.18, kuma ba ki da abokiyar da za ta tare miki ko taku guda. Zagaye uku ake yi, wadda ta ci biyu ta wuce, kuma a na ukun ne ake gane wadda ta yi gudun asuba. Ki kula da gwiwarki kamar ƙwai. Carolina Marín 'yar Sifaniya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Rio a 2016, amma jijiyar gwiwa ta tsinke mata a 2019 da 2021, sannan a Olamfik ta Faris a 2024 ta fita daga wasan kusa da na ƙarshe tana kuka alhali ita ke kan gaba.

Yanzu lissafi. Ba ke za ki rubuta sunanki a gasar waje ba, hukumar badminton ta Najeriya ce ke shigar da ke, don haka sai kin yi suna a gasar jiha da ta ƙasa sun san da zamanki. Hukumar duniya, BWF, mai hedikwata a Kuwala Lamfur, tana duba gasa goma mafi kyau da kika buga cikin mako 52, da su take ba ki matsayi. Gasannin hawa-hawa ne: wadda ta lashe ƙaramar cikinsu tana samun maki 1,700, ta gaba 2,500, ta gabanta 4,000. Kada ki ce sai Turai. Ki fara da na Afirka, musamman wadda ake yi a Legas, inda kuɗin mota kawai za ki nema ba biza ba. Maki na tsufa, in shekara ta zagayo ba ki buga ba, sun zube.

Fasfo kuwa ki yi shi tun ba a kira ki ba. Na taɓa sakaci da wannan, ɗalibata ta samu gurbi, muka tsaya neman takardu har lokaci ya ƙure. Har yau abin na cina.

Kuma kada a ce miki ba a taɓa yi ba. Grace Daniel ta wakilci Najeriya a Olamfik ta Bejin a 2008. Dorcas Adesokan ta zama zakarar Afirka a Fatakwal a 2019, ta je Tokyo. Mariam Bolaji ta ciyo tagulla a gasar nakasassu ta Faris a 2024.

Gobe ƙarfe shida ki zo da takalmi mai tafin roba, raket ɗin ki bar shi a gida tukuna.