Yadda ake dafa ƙwayoyin zinare na nano a ɗora su kan elektrod don auna suga

Duk wanda ya taɓa kai yaro likita a Yamai lokacin damina ya san ƴar farar robar nan da ake ɗiga wa jini, a jira jan layi ya fito, a ce masassarar cizon sauro ce. A mafi yawan irin waɗannan gwaje-gwaje, jan layin nan zinare ne. Ba irin na Jado da ake ɗorawa a sikeli ba, ƙwayoyi ne ƙanana da faɗin kowace bai wuce nanomita ƴan gomomi ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali silin gashin kai guda yana kai wajen nanomita dubu 80. In zinare ya ƙanƙance haka, sai ya bar launinsa na rawaya ya koma ja kamar ruwan zoɓo. Michael Faraday ya bayyana wannan a Landan tun 1857.

Amfanin zinaren a kan elektrod, wato ɗan abin da lantarki ke bi ya shiga ruwan da ake aunawa, bai da wuyar ganewa. Jefa dunƙulen gishirin Bilma a ruwa, ka kuma zuba garinsa a wani ruwan, ka ga wanda zai riga narkewa. Garin ya fi yawan fuskar da ke taɓa ruwa. Haka ƙwayoyin zinare suke faɗaɗa fuskar elektrod, su sauƙaƙa wa lantarki hanya, kuma anzim, sinadarin da halittu ke yi wanda zai gane mana sugan, yana zama a kansu bai lalace ba. Ƙannena ɗaliban kimiyya na Jami'ar Abdou Moumouni da sauran makarantu, don ku na rubuta wannan, saboda aiki ne da hannunku zai iya yi a labo mai ƙaramin ƙarfi, muddin kun tsare tsabta.

Fara da wanke gilashi

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Na taɓa ganin ɗalibi ya auna komai daidai, amma ruwansa ya fito shuɗi-shuɗi da baƙin gari kwance a gindin kwalba. Da muka bi diddigi, ashe da ruwan famfo da sabulu ya wanke kwalbar. Gishirin da ya maƙale a jikin gilashi ne ya sa ƙwayoyin suka dunƙule.

Ana wanke kwalbar dafuwa da ɗan maganaɗisun motsawa da ruwan sarauta, wato haɗin asid biyu masu ƙarfi, kashi 3 na HCl da kashi 1 na HNO3, a zuba na biyun a kan na farkon. Ruwan nan yana narkar da zinare kansa, balle fatar mutum. A haɗa shi kaɗan, a ƙarƙashin injin zuƙe hayaƙi, da safar hannu da tabarau, malami yana tsaye. Kada a taɓa toshe bakin kwalbarsa, iskar da yake fitarwa tana iya fasa ta. Bayan haka a ɗauraye da tataccen ruwa sau da yawa, a kife gilashin a rufe, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ta kowace kafa.

Dafuwar kanta

Hanyar da za mu bi ita ce ta Turkevich ta 1951, wadda Frens ya ƙara gyarawa a 1973. Narkar da miligiram 20 na gishirin zinare, HAuCl4·3H2O, a mililita 50 na tataccen ruwa, ka samu kaurin wajen milimola 1 a lita (duk mola da milimola da za ka gani nan gaba a lita ɗaya ake nufi). Da cokalin roba ko na gilashi za ka ɗebo shi, don yana cin ƙarfe, kuma ka rufe kwalbarsa da sauri, yana shan raɓar iska. A gefe guda narkar da giram 1,14 na sitirat na sodiyom mai ruwa biyu (nau'in da aka rubuta wa 2H2O) a mililita 100 na tataccen ruwa.

Ɗora ruwan zinaren a wuta yana motsawa har ya tafasa sosai. Sai ka juye mililita 5 na sitirat gaba ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. Kada ka ɗauke ido. Rawayan zai ɓace ruwan ya yi garai, sannan ya yi duhu kamar toka ko baƙi-baƙi, har wanda bai saba ba ya ɗauka ya ƙone, daga nan a hankali ya buɗe ya zama ja mai kyau. Bar shi ya ƙara tafasa minti 10 zuwa 15, ka sauke, ya ci gaba da motsawa har ya huce. Sitirat aiki biyu yake yi: shi ke mayar da gishirin zinare ya zama ƙarfe, shi ne kuma ke lulluɓe kowace ƙwaya da cajin da ke hana ta manne wa ƴar'uwarta. Wannan awon yana ba da ƙwayoyi masu faɗin wajen nanomita 13. In ka rage sitirat, su fito manya.

In akwai na'urar auna haske, ƙololuwar shan hasken za ta tsaya kusa da nanomita 520. In babu, ɗebi kaɗan a wani bututu ka zuba masa ruwan gishiri mai ƙarfi: ja ya koma shuɗi, to ƙwayoyin nano ne na gaske. Sauran ka zuba a kwalba mai duhu ka sa a firigo, digiri 4, ba wurin ƙanƙara ba.

Ɗorawa a kan elektrod

Mafi sauƙi shi ne elektrod na kabon da aka buga a kan ƴar takardar roba, mai ƙafa uku: mai aiki, mai taimako da mai nuna ma'auni. Kafin ka ɗora komai, auna shi tsirara. Ɗiga masa sinadarin gwaji ferisiyanur na potasiyom milimola 5 cikin KCl mola 0,1, ka sa potansiyosta, na'urar da ke ba elektrod bolt ta kuma auna lantarkin da ya wuce, ta yi kai-da-komo tsakanin -0,3 da +0,6 bolt, milibolt 50 kowane sakan, ka adana zanen. Wanda ya tsallake wannan ba shi da abin da zai nuna cewa zinarensa ya ƙara wani abu. Ferisiyanur kuma kada ya haɗu da asid mai ƙarfi, yana fitar da iska mai kisa.

Ɗauraye, bari ya bushe, ɗiga mikrolita 5 na ruwan zinare a kan da'irar tsakiya kawai. Kife masa kofin gilashi. Iskar Yamai a watan Afrilu tana busar da ɗigo nan take, ƙwayoyin su taru a gefe kamar zoben da kofin shayi ke bari a faranti, tsakiya kuwa ba komai. Ɗan audugar da aka jiƙa a ƙarƙashin kofin tana rage saurin. Sake awon ferisiyanur: tudun zanen biyu su ƙara tsawo, su kuma matso kusa da juna.

Anzim da awon suga

Tunanin haɗa anzim da elektrod na Clark da Lyons ne, a 1962. Anzim ɗin da ake amfani da shi, gulukoz oksidaz, ana samo shi ne daga Aspergillus niger, baƙar fumfunar nan da ke kama albasar Galmi in ta daɗe a rumbu. Sunan ba na ƙasarmu ba ne, baƙi yake nufi da Latinanci. Anzim ɗin yana haɗa sugan gulukoz (ba sugan shayi ba) da iskar oksijin, ya fitar da wani sinadari, H2O2, shi kuma H2O2 ya ba da lantarki a kan zinaren. Yawan lantarkin shi ke faɗin yawan sugan.

Narkar da miligiram 10 na anzim a mililita 1 na ruwan fosfat mola 0,1 mai pH 7, ɗiga mikrolita 5 a kan zinaren, ya bushe cikin firigo. Rufe shi da ɗan siririn ɗigon Nafion, wani ruwa da ke bushewa ya zama siririyar leda, na kashi 0,5 cikin 100 don kada ya wanke. Anzim abu ne mai son sanyi, kada ka bar shi kan tebur ana zafin digiri 40. In wuta ta ɗauke, kula mai ƙanƙara a ciki ita ce mafita.

Ruwan sugan a haɗa shi tun jiya ya kwana, domin anzim nau'in beta kaɗai yake ci, kuma sai sugan ya jima a ruwa nau'ukansa biyu suke daidaita. Tsayar da potansiyosta a wajen +0,6 bolt, ka auna milimola 1, 2, 4, 6, 8 da 10, kowanne sau uku, kana karanta lantarkin bayan lokaci iri ɗaya kowane karo. Zana su. Layin zai miƙe da farko, sannan ya kwanta saboda oksijin ɗin cikin ruwa ya gaza. Ɓangaren da ya miƙe ne kawai abin dogaro. Don kwatanci da takardar likita, giram 1 a lita daidai yake da wajen milimola 5,5, kuma daga giram 1,26 kafin karin kumallo ake zargin ciwon suga.

Sai gwajin ƙarshe, wanda ni a wurina ya fi duka faɗin gaskiya: ɗiga bitamin C, asid yurik da farasitamol, kowanne shi kaɗai ba suga, ka ga ko lantarki ya tashi. A wannan bolt ɗin yawanci yana tashi, kuma dukkansu ana samun su a jinin mutane. Shi ya sa elektrod ɗin da ka haɗa ba na auna jinin inna ko baffa ba ne, na ruwan gwaji ne a labo. Rubuta yawan tashin kowanne a littafinka, tare da zafin ɗakin a ranar, sannan ka maimaita duka awon da sabon elektrod bayan kwana bakwai.