Yadda likita zai gane yaron da ake cin zalinsa, da matakin da zai ɗauka

Da wuya a kawo maka yaro a ce dukansa aka yi. Abin da za ka ji shi ne ya faɗo daga gado, ko ya jawo tukunyar ruwan zafi. Don haka ka fara da gwada labarin da raunin da kuma shekarun yaron. Jaririn wata biyu da ko juyi bai fara ba, ta ina zai faɗo har ya karya cinya? Ka lura idan maganar uwa ta saɓa da ta uba, ko an yi kwanaki kafin a zo asibiti.

Sai ka duba jikinsa kaf, da nas a gefenka. Yaro mai ƙiriniya gwiwa da ƙwauri da goshi yake ƙujewa. Amma tabo a kunne, wuya, ciki ko gadon baya a ɗan ƙasa da shekara 4 abin tuhuma ne. Bulala da wayar wuta suna barin shatinsu, ƙunar sigari kuwa zagayayya ce. Ƙunar da ta tsaya cak a idon sawu kamar safa, ba fallatsi, tsoma ƙafar aka yi. Jaririn da ke amai ko suma ba zazzaɓi, a duba cikin idonsa, a ɗauki hoton kai, don jijjiga shi da ƙarfi na sa jini ya zuba a cikin kai.

Kafin ka zargi kowa, ka tabbatar ba tsagar wanzami ko ƙaho ba ne, ko kumburin hannu na sikila, ko ciwon rashin daskarewar jini. Tamowa ma sau da yawa talauci ne ya kawo ta, ba sakaci ba.

Idan yaron ya iya magana, ka keɓe da shi. Ka ce "me ya same ka a nan?", kar ka sa masa sunan kowa a baki. Rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, ka zana wurin kowane tabo.

In fyaɗe ne, lokaci ba ya jira: a fara maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Akwai cibiyar Waraka a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna don irin wannan.

Daga nan ka sanar da ma'aikatan jin daɗin jama'a da 'yan sanda, ko NAPTIP, hukumar hana safarar mutane, idan 'yar aikatau ce da aka yi safararta. Dangi za su zo da "a rufa asiri, mu sasanta a gida". In gidan ne tushen matsalar, ka ba yaron gado a asibiti, sannan ka nemi a kawo maka ƙannensa ka duba su.