Idan yaro ya dawo daga makaranta

Iyaye mata, ga 'yar shawara. Yaro ya dawo daga firamare da ƙarfe 2, ya sha ranar Kaduna, kada ki tarbe shi da "nawa ka ci?" Ruwa da abinci tukuna. In ya huce, kafin lokacin Islamiyya, ki tambaye shi da wa ya yi wasa yau, wa kuma ya ɓata masa rai.

Ni ta haka na gano wani ɗan aji 6 yana ƙwace wa ɗana kuɗin tara a nan Tudun Wada, tsoro ya hana shi faɗa. Ban je da rigima ba, malamar ajinsu na samu a keɓe, ta shawo kan abin.

Ko labarin nasa ya yi tsawo, don Allah kada ki katse shi.